Rafin Inna Zinariya

Malam Labaran ya yi aikin duba-gari a Kankia har furfura ta cika masa kai. Duk rayuwar aikinsa yaƙi ya yi da abin da ido ba ya gani. Shi ke zuba kulorin a rijiyoyi idan amai da gudawa ya ɓulla, shi ke leƙa randuna da kwatami, shi ne wanda mahauta ke hangowa daga nesa su hau share rumfa. Matarsa Rahamatu takan ce ko tuwo ya taɓa sai ta ji warin asibiti.

Da ya yi ritaya sai zama ya ishe shi. Gonar gado tana can ƙasar Kusada, gwiwoyinsa kuma sun fara ƙin doguwar tafiya. Ƙanen Rahamatu, Zainul Abidin, malamin gona ne a Kusada, shi ya kawo masa shawarar wani irin noma da ba ruwansa da ƙasa. Aka jera fararen bututu a bayan gida, hawa-hawa kamar matakala, aka huhhuda su, a kowace huda aka zaunar da ɗan kofi mai ɗauke da tsiro. A ƙasa akwai tanki na ruwan da aka narka taki a ciki. Wani ɗan inji mai aiki da hasken rana ke tura ruwan zuwa bututun sama, ruwan ya gangaro yana shafar saiwoyi, daga wannan bututu ya faɗa wancan, har ya zubo cikin tanki, injin ya sake ɗaukarsa. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye. Abin da ya fi burge Labaran shi ne tsabtar abin, ba taɓo, ba kashin dabba, ba tsutsa. A farkon sanyi ya dasa latas da alayyahu da ɗan na'a-na'a.

A lokacin mahaifiyarsa, Inna Zinariya, tana gidan. Ya ɗauko ta daga ƙauyensu, Unguwar Sodangi, da ya ga tsufa ya fara kwashe mata tunani. Da farko sunayen jikoki ta riƙa mantawa, daga baya ta manta ta ci abinci ko ba ta ci ba, a ƙarshe ta dubi Labaran da kansa ta gaishe shi kamar baƙo. Kullum da hantsi sai ta ƙulle ɗan kayanta a tsohon zani ta nufi zaure.

"Inna, ina za ki?" Rahamatu za ta tambaya.

"Gida zan tahi. Adda na jira na."

Adda yayarta ce, ta rasu tun Labaran yana saurayi. Rahamatu takan lallashe ta da fura, ko ta ce mota ba ta zo ba tukuna, Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da ƙullinta a cinya, tana jiran motar har barci ya ɗauke ta.

Ran da aka fara kunna injin, ta fito da ƙullin kamar yadda ta saba. Tana tsakar gida sai ta tsaya cak, ta karkata kai. Daga bayan ɗakuna ana jin ruwa yana gudu a hankali, yana faɗawa daga bututu zuwa bututu, kululu, kululu. Ta bi sautin da kanta, tana dafa bango, har ta iso inda Labaran ke tsugunne yana gyara wani kofi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye ƙullin a ƙasa, ta zauna a kai.

"Ashe ruwa ya dawo," ta ce.

Daga ranar ba ta ƙara neman zaure ba. Rahamatu ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga, nan take wuni. A wurinta bututun nan ƙorama ce, wadda ke bayan gidan mahaifinsu, inda yake da lambun albasa. Takan nuna gefe ta ce ga ɗinyar da suke hawa, ta nuna can ta ce ga jigon da babansu ke ɗebo ruwa da shi. Takan yi hira da Adda, ta yi tambaya ta saurara, ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Labaran kuwa ta sa masa suna Mai lambu.

"Mai lambu, ka yi ban ruwa da wuri, rana na tahe."

"To, Inna."

Da farko sunan yana sukarsa a ƙirji. Sannu a hankali ya saba, har ya fara jin daɗin zama kusa da ita bayan azahar, yana tsintar busasshen ganye, yana jin labaran da bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya ji yadda suke kama ƙananan kifi da ƙwarya, da ranar da ruwa ya tafi da takalmin Adda suka bi shi har garin gaba, da wata farar balbela da ke sauka kullum a wuri ɗaya har suka sa mata suna. Latas ya yi kore shar, maƙwabta suna shigowa kallo. Wani lokaci idan iska ta kaɗa ganyen, ruwan kuma yana ta maganarsa a cikin bututu, shi ma Labaran sai ya ji kamar katangar ta matsa baya, kamar idan ya ɗaga kai zai ga ɗinyar.

Sai bazara ta shigo. Zafi ya sauka kan Kankia, kwanon ɗaki yana ƙara da tsakar rana, kaji suna buɗe baki a gindin randa. Labaran ya lura latas ɗinsa yana langaɓewa da rana, ya ɗan farfaɗo da yamma, washegari ya fi jiya laushi. Wata safiya ya ɗaga kofi ɗaya. Saiwar da ya sani fara tas kamar zaren auduga ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi, da ya taɓa ta sai ta saɓule a yatsunsa. Ya kai hanci. Warin ya san shi, warin kwatamin da ya toshe ne. Ya ɗaga wani kofin, ya ɗaga wani, duk haka. Ya tsoma hannu a tanki ya ji ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri.

Bai tsaya shawara ba, don aikinsa ne ya zo har gida. Ya kashe inji, ya zubar da ruwan, ya cire tsiran da suka fi lalacewa, sauran ya tsoma su a bahon wanki. Ya ɗauko kulorin ya jiƙa bututun ciki da waje, ya ce za a bar su su sha rana sosai kafin a mayar.

"Inna fa?" in ji Rahamatu.

"Kwana kaɗan ne. Ba za ta ma lura ba."

Ta lura. Ta fito da hantsi ta tarar da shiru, bututu a warwatse a ƙasa kamar ƙasusuwa. Ta dube su, ta dubi Labaran.

"Mai lambu, wa ya shanye rahin?"

"Gyara ake yi, Inna. Zai dawo."

Ba ta zauna a tabarmar ba. Ta wuni tana kai da kawowa tsakanin ɗaki da bayan gida, ta ƙi tuwo, ta ƙi fura. Washegari da safe, Labaran ya fita sayen gam ɗin haɗa bututu, Rahamatu tana madafi, Inna ta ɗauki ƙullinta ta fice ba wanda ya ji motsinta.

Gajere, ɗan kamasho a tashar bakin titin Kano zuwa Katsina, shi ya kira Labaran a waya. Ya ce ya ga tsohuwa tana ƙoƙarin hawa motar Katsina, direba na tambayarta inda za ta tana cewa bakin rafi, shi kuma ya gane fuskarta. Labaran ya iso da gudu, gwiwoyin da ke ciwo ma ya manta da su. Ya same ta a bencin mai shayi, ƙafafunta ba takalmi, manyan motoci suna wucewa da ƙara a gabanta, ita kuwa tana kallon titin kamar mai jiran ruwa ya janye ta ƙetare. Ya tsugunna ya cire nasa takalman ya sa mata.

A ranar ya mayar da bututun. Ya cika tanki da sabon ruwa, ya ɗiga kulorin a ciki, ya mayar da tsiran da suka rage, ya kunna inji. Inna ta koma tabarmarta ta ci abinci. Amma ba a jima ba yauƙin ya dawo, har ya fi na da. Ya ƙara kulorin, bakin ganyen ya ƙone, saiwar kuma ba ta daina ruɓewa ba. Ya ga idan ya tsayar da ruwan zai rasa Inna, idan ya bar shi haka zai zama kwatami a gabanta. Sai ya kira Zainul Abidin.

"Yaya Labaran, ka zo Kusada," in ji shi. "Akwai abin da zan ba ka, amma na san halinka, sai ka gani da idonka za ka yarda."

Labaran ya ce wa Rahamatu zai tafi da Inna. Tun da gida take nema, bari ta ga gida, wataƙila hankalinta ya kwanta ko da ruwan ya tsaya. Ya ari motar maƙwabci, suka kama hanya da hantsi, Inna a baya da ƙullinta. Gonaki duk an share su ana jiran damina, ƙasa ja fayau, sai gawo da kuka jefi-jefi. Can gaba kan kwalta kawalwalniya tana rawa, tana sheƙi kamar tafki.

"Ga ruwa can," Inna ta ce, tana nunawa. "Yi sauri, Mai lambu."

Suna matsawa ruwan yana matsawa. Ba ta gaji ba, duk inda ya sake fitowa sai ta nuna shi da murna kamar yanzu ta fara ganinsa.

Zainul Abidin yana da irin bututun nan a bayan gidansa, ƙarƙashin rumfar zana. Bayan an gaisa, matarsa ta shiga da Inna ciki, shi kuma ya ja Labaran ya ɗaga masa kofi ɗaya. Saiwa ta sauko fara, doguwa, cunkus kamar gemun dattijo. Labaran ya shinshina, ya ji ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi.

"Wane magani kake sawa?"

Zainul Abidin ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar leda mai gari a ciki, launin toka-toka.

"Ba magani ba ne, Yaya. Ƙwayoyi ne masu rai. Bakteriya."

Labaran ya ja hannunsa baya.

"Ƙwayoyin cuta zan zuba a abin da iyalina za su ci? Ni?"

"Ba na cuta ba ne." Zainul Abidin yana dariya. "Daddawar da Yaya Rahamatu ke sa maka a miya, me kake tsammani ke nunar da ita? Dangin waɗannan ne. Shekara nawa kana shan su kana neman ƙari."

Suka zauna a kan benci ya yi masa bayani. Ya ce abin da ke ruɓar da saiwa yana son ruwa mai ɗumi wanda iska ta yi ƙaranci a cikinsa, kuma tun da ruwa ɗaya ke zagaye, idan ya kama tsiro ɗaya sai ruwan ya raba shi ga kowa. Kulorin yana kashe na kirki da mugu gaba ɗaya, ya bar ruwan fayau ba kowa, mugun kuma shi ke fara dawowa ya tarar da gida ba mai tsaro. Waɗannan na cikin ledar kuwa, idan aka zuba su, sai su manne a jikin saiwa su yi mata riga, su cinye abin da mugun zai ci, su hana shi wurin zama. Ruwan da ke raba cutar shi zai raba su.

"Amma da sharaɗi," in ji shi. "Ka ajiye kulorin ɗin nan naka, ko ɗigo kar ya shiga. Ruwan rijiya za ka sa, in na famfo ne ka bar shi ya kwana a buɗe. Ka yanke duk saiwar da ta mutu. Ka sanyaya tankin, ka ɗaga bakin bututun ƙarshe ruwan ya riƙa faɗowa daga sama yana shan iska. Duk ran da ka canza ruwa ka ƙara musu 'yan'uwa. Sannan ka yi haƙuri, don ba za ka ga aikinsu ba sai sun gama."

Labaran ya karɓi ledar da yatsu biyu, ya sa a aljihun gaba, yana jin ta a ƙirjinsa kamar wani abu mai numfashi.

Daga nan suka wuce Unguwar Sodangi. Labaran ya tsayar da mota a bakin gari, ya riƙe hannun Inna suka taka zuwa bayan tsohon gidan kakansa. Gidan yanzu na bulo ne, wasu jikokin dangi ke ciki. Ɗinyar babu ita, sai kututture da awaki ke kwance a gefensa. Ƙoramar kuma yashi ce zalla, fari, mai zafi, da sawun shanu da na amalanke. Mata suka fito da murna suna ta gaishe ta, suna kiranta da sunayen da aka san ta da su. Ta amsa musu da ladabi, irin na baƙuwar da ba ta son ta yi laifi, sannan ta matso kusa da Labaran ta yi ƙasa da murya.

"Mai lambu, garin su wa ne wanga?"

"Garinku ne, Inna. Ga gidan Baba, ga rafin nan."

Ta dubi yashin, ta girgiza kai a hankali.

"A'a. Namu da ruwa. Ka yi ɓatan hanya, yaro. Maida ni gida kar Adda ta neme ni."

Ya bar ta da matan a inuwa, ya sauka cikin ƙoramar shi kaɗai. Zafin yashin yana ratsa takalminsa. Ya tuna ko a yarintarsa wannan ƙorama da damina kawai take kawo ruwa, ta yi 'yan watanni ta ƙafe, sai a riƙa tonon yashi ana ɗiba da ƙoƙo. Rafin da Inna ke ba da labarinsa, wanda ba ya yankewa rani da damina, mai kifi da balbela kullum, bai tabbata an taɓa yinsa a nan ba. Ya tsugunna ya tona yashin da hannu har gwiwar hannu, can ƙasa ya ji ɗan sanyi da danshi. Ya daɗe a haka kafin ya tashi ya karkaɗe hannunsa.

A hanyar dawowa Inna ta yi barci. Da suka shiga gida ta ji ƙarar ruwan, sai ta saki ajiyar zuciya, ta wuce kai tsaye zuwa tabarmarta.

"Adda, na dawo," ta ce. "Wani gari aka kai ni, ba ko ɗigon ruwa, abin tausai."

Washegari Labaran ya sa aka haƙa rami aka zaunar da tankin a ciki har wuya, ya yi masa rumfar zana, bututun da rana ke duka ya naɗe su da buhun algarara yana yayyafa musu ruwa. Ya yi duk wannan inji na aiki, sai na ɗan lokacin da ya canza ruwan da na rijiya, a lokacin Rahamatu ta shagaltar da Inna da tsefe kai. Ya ɗaga bakin bututun ƙarshe, ruwan ya riƙa faɗowa cikin tanki da sabuwar murya mai zurfi. Sannan ya zauna da almakashi yana yanke matattun saiwoyi. Inna ta matso ta karɓi kofi ɗaya daga hannunsa. Ba ta nemi almakashi ba, da farce take bin saiwar, ta tsinke mai laushi ta bar mai ƙwari, yatsunta suna tafiya da kansu ba tare da ta duba ba. Suka yi ta yi har rana ta take.

Da aka gama ya narka garin a kofi ya tsaya a bakin tanki. Rahamatu ta fito tana kallonsa.

"Malam, ka zuba mana."

"Rahamatu, tun ina saurayi nake kashe waɗannan abubuwan. Yau ga ni zan ba su masauki."

"To ka yi bisimilla, baƙi ne."

Ya yi bisimilla ya zuba. Garin ya yi ɗan gajimare a cikin ruwan, ya bazu, ya ɓace. Ya ɗauki galan ɗin kulorin ya kai shi can ƙuryar ɗakin ajiya, ya ɗora buhu a kai.

Jiran ya fi komai wuya. Ba abin da ya canza da ido zai gani, sai ma wasu latas ɗin da suka ƙarasa mutuwa, ya cire su, hudojinsu suka zauna wayam. Ruwan ya ɗan yi duhu. Da ya zura yatsa cikin bututu sai ya ji wani santsi siriri a jikin bangon, nan take hannunsa ya fara neman soso. Ya kira Zainul Abidin ya gaya masa.

"Yana wari?" Zainul Abidin ya tambaye shi.

"A'a."

"To kar ka taɓa, Yaya. Gidansu ne suke ginawa."

Wata rana bayan azahar, zafi ya yi nauyi, gari ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Labaran ya jingina da katanga kusa da tabarmar Inna, tana ta hirarta da Adda ƙasa-ƙasa, ruwan yana faɗawa tanki. Idonsa ya rufe. Sai ya ga kansa a cikin bututun, ya zama ɗan mitsitsi, ruwan ya kai masa ƙugu, mai sanyi, haske kore yana saukowa ta hudojin sama. Saiwoyi sun sauko kamar kurmi, kowacce ta fi kuka kauri. A jikinsu akwai jama'a ba iyaka, ƙanana, ba su da fuska, suna ta aiki kamar ranar gayya, wasu na yaɓe, wasu na share, wasu na miƙa wa na sama abin da ruwa ya kawo. Ba wanda ya kula shi. Ya duba jikinsa ya ga yana sanye da kakinsa na duba-gari, ya ji kunya, ya so ya ba su haƙuri, amma bai san da wane harshe ba. Ruwan ya ɗauke shi a hankali ya zagaya da shi wata kwana, sai ga gaɓa, ga ɗinya, ga 'yan mata biyu sun tsoma ƙafa a ruwa. Ƙaramar tana da wushirya irin ta Inna, tana riƙe da ƙwarya. Ta dube shi ta yi dariya, ta ɗebo ruwa ta watsa masa.

Ya farka da kiran sallar la'asar, fuskarsa a jiƙe. Inna ce ta zubo ruwan butar alwala a hannu tana yayyafa masa.

"Tashi, Mai lambu, an yi kira."

Ba a daɗe ba bayan wannan, wata safiya ya ɗaga kofi don dubawa kamar kullum, bai sa rai da komai ba. A jikin tsohon guntun saiwar da suka yanke, wasu 'yan fararen tsinke sun ɓullo, gajeru, masu ƙwari. Ya ɗaga na kusa, shi ma haka. Ya kai wa Inna ta gani. Ta kawo shi dab da idonta, ta shafa da ɗan yatsa.

"Ta yi haƙori," ta ce.

Ba duka suka tashi ba. Latas ɗin bututun sama, inda rana ta fi duka, bai dawo ba, sai alayyahu ya dasa a gurbinsa. Amma na ƙasa ya miƙe, na'a-na'a ta yi yaɗo har tana leƙowa gefen bututu, warin kwatami ya tafi. Duk ran da ya canza ruwa yakan narka ɗan garin ya zuba, har ya kama kansa yana ce musu sannunku da aiki. Rahamatu ta ji shi sau ɗaya, ta koma madafi tana dariya.

Ran da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, iska mai sanyi tana kaɗa zanar rumfa, ya ce yau za a ɗebi latas a yi kwaɗo. Yana cira yana sawa a faranti, Inna tana kallonsa daga tabarma, ta daɗe tana kallonsa.

"Mai lambu."

"Na'am, Inna."

"Kana da uwa?"

Ya tsaya da ganye a hannu.

"Ina da ita."

"Tana da rai?"

"Tana nan da ranta."

"Kana kula da ita dai ko?"

"Ina ƙoƙari, Inna."

Ta miƙo hannu ya ba ta farantin. Ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi kan da ya fi kowanne cika da laushi, ta karkaɗe ruwan jikinsa, ta miƙa masa.

"Ungo, kai mata wanga. Ka ce ina gaishe ta. Tahi yanzu, tun bai yi yaushi ba."

Labaran ya karɓa da hannu biyu. Ya bi ta tsakar gida, ya wuce Rahamatu da ke dakan ƙuli-ƙuli, ya shiga zaure. Nan ya tsaya, ya jingina goshinsa da bango har numfashinsa ya daidaita, ya share fuska da hannun riga. Sannan ya juyo, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai shigowa daga waje, ya zo gaban tabarmar ya durƙusa.

"Inna, ga saƙo an ba ni in kawo miki."

Ta karɓa, fuskarta ta washe. Ta juya latas ɗin tana duba shi ta kowane gefe.

"Kai, wanga ya yi kyau. Wa ya aiko?"

"Wata baiwar Allah ce a bakin rafi. Ta ce tana gaishe ki."

"Ina amsawa. Allah shi yi mata albarka, ita da ɗiyanta."

"Amin, Inna."

Ta ɗaga murya ta kira Rahamatu, ta ce a yanka mata shi daban, a sa ƙuli da yawa, kar a cika yaji. Rahamatu ta kawo kwaɗon a ƙaramin kwano, Inna ta cinye tas ta suɗe yatsu, ta ce a ƙaro. Suna cikin ci aka fara yayyafi, manyan ɗigo jefi-jefi a kan zana, Labaran ya tashi da sauri ya jawo murfin tanki, Rahamatu kuma ta kama hannun Inna suka nufi ɗaki da kwanon a ɗaya hannun.